Hanyar Gabon da ban ƙarasa ba

Assalamu alaikum. Wannan labarin shekara da shekaru ina riƙe da shi a ciki, matata ma rabi ta sani. Shekaranjiya ne wani yaro ɗan maƙwabtanmu ya same ni a shago wai in taimaka masa da lambar masu tsallakar da mutane Gabon ta ruwa tunda ance na taɓa bin hanyar, na dube shi na sake dubansa na kasa cewa komai sai nace ya dawo gobe. Da daddare barci ya ƙi zuwa, shine nace bari in zauna in rubuta ya karanta da kansa don bakina ba zai iya ba.

Ni mutumin ƙasar Haɗeja ne, ƙauyenmu a bakin fadama yake kuma gidanmu gidan su ne, wato kamun kifi, tun kaka da kakanni. Kakana na wajen uba, Allah ya jiƙansa, shi ya ɗora ni a kan gora tun ina ɗan shekara 7. Wanda bai sani ba, wani ƙaton gora ne ake kifa ciki a kansa a bi ruwa da homa a hannu, kifin da ka kama ka jefa shi ta bakin goran. Tsohon nan ya sha zuba min rankwashi a kan abu ɗaya, yace kar ka yi kokawa da gora, ka kwanta masa ka saki jiki kaman kana cinyar uwarka, mai kokawa da ruwa shi ruwa yake ci. Ni kuwa haushi nake ji nace tsoho zamani ya wuce ku, yace ja'iri za ka neme ni. Gaskiya sun ma ya riga ya lalace lokacin, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa kifi ya yi ƙaranci, sannan ambaliyar 2012 ta zo ta shanye mana shinkafa ƙaf ko tiya ba mu ɗauka ba. Bayan sallah na hau motar albasa na yi kudu.

A Uyo na sauka, na yi dako na yi turin baro na yi wankin takalmi. A nan na haɗu da wani yaro da kowa ke ce masa ɗan Gumel, yankan farce yake yi, ya girme ni da kaman shekara biyu, baranda ɗaya muke kwana. Shi ya fara sa min Gabon a rai. Kullum da daddare in mun sayi shayi sai ya fara, wai ƙasa ce mai fetur kuma mutanenta gaba ɗaya ba su kai miliyan 2 ba, wai kuɗin sefa ake kashewa, wai akwai Hausawa da 'yan Nijar birjik a kasuwar Mont-Bouet ta Libreville, mai yankan farce a can ya fi mai shago a nan. Wasu abubuwan gaskiya ne ba ƙarya ya yi ba, abin da ni da shi ba mu taɓa tsayawa mun yi maganarsa ba shine ruwan da ke tsakani. Ni ina taƙama na iya ruwa, shi kuwa ko kududdufi bai taɓa shiga ba.

Watan Mayu na 2014 muka haɗa kuɗi, dubu 45 kowannenmu, muka tafi Oron. Wanda ya karɓi kuɗin namu Bahaushe ne ɗan uwanmu, da carbi a hannu, shi ya sa ma muka yarda. Kwana tara muka yi a wani ɗaki mu fiye da ashirin ana ce mana gobe gobe. Ban faɗa wa kowa a gida ba, Inna ta san dai ina Uyo.

Ran tafiya da tsakar dare aka kwashe mu a babura zuwa wani lungu can gaba da Ibaka, ba fitila ba magana. Jirgin na katako ne dogo da inji biyu a baya, an riga an danƙare shi da durom-durom na fetur da jarkoki da buhunan kaya an shimfiɗa tamfol, mu a kan kayan muka zauna. Akwai 'yan Togo da 'yan Benin, akwai Inyamurai mata 'yan kasuwa, akwai wasu Buzaye guda huɗu, akwai yara ƙanana mata da ban ga iyayensu ba, har yau in na tuna yaran nan sai cikina ya juya. Abin da na fara lura da shi a matsayina na ɗan masunta shine bakin jirgin da ruwa bai fi kamu ɗaya ba. Na taɓa ɗan Gumel nace kai jirgin nan ya yi lodi da yawa, yace haba malam su da suke wannan aikin kullum, kai dai ka yi bisimilla. Rigar ruwa ko ɗaya babu sai a jikin direban da yaransa biyu.

Da muka fita bakin kogi muka shiga tekun sosai na gane abin da nake kira ruwa a garinmu wasan yara ne. Ba gaɓa ba bishiya, sai wutar rijiyoyin mai da ke ci can nesa jajir kaman an kunna daji a kan ruwa. Mutane suka fara amai. Mun yi tafiya kaman awa uku ko huɗu sai iska ta juya, hadari ya taso baƙiƙirin ya rufe taurari, ruwa ya sauko kaman da bakin ƙwarya, igiyar ruwa ta fara dukan jirgin tana zubowa ciki. Inji ɗaya ya mutu. Yaran jirgin suna ta kwasar ruwa da yankakkiyar jarka suna ihu a zubar da kaya, matan nan kuma kowa ta rungume buhunta ta ƙi, sai na biyun ma ya ɗauke. Jirgin da ba inji sai ya ba igiya gefe, ni na san abin da hakan ke nufi, na riƙe hannun ɗan Gumel nace in mun faɗa kar ka kama wuyana ka kama kafaɗata. Ban rufe baki ba mutane suka ruga ɓangare ɗaya, shikenan.

Ba zan iya ba da labarin mintocin nan daidai ba. Duhu, fetur a baki da ido, ihu da yare kala-kala, wani ya kama ƙafata ya ja ni ƙasa na fizge, wallahi na fizge, ban san ko waye ba. Da na taso kaina ya bugi wata jarka mai lita 25, irin ruwan ɗorawar nan, da ɗan fetur kaɗan a ciki murfinta a ɗaure, na rungume ta na kifa cikina a kai, jikina da kansa ya tuna gora ba ni na tuna ba. Ina ta kiran ɗan Gumel ina kiransa har Allah ya sa ya amsa kusa da ni yana riƙe da wani katako da ke nutsewa da shi, na jawo shi na ɗora hannunsa a mariƙin jarkar.

Da gari ya waye ba jirgi ba mutane, sai takalma da robobi da wani ɗankwali suna yawo. Mun ɗan ji murya daga nesa da safe, zuwa hantsi ta yi shiru. Jarka ɗaya ba ta ɗaukar mutum biyu su kwanta, sai dai kowa ya rataya ta gefensa kai kawai a waje. Ina ta koya masa, nace ka saki jiki kar ka harba ƙafa, in igiya ta zo ka rufe baki ka bar ta ta ɗaga ka, maganar tsoho ce nake maimaita masa kalma da kalma. Shi kuma tsoro ya hana shi, ya ƙanƙame jarkar yana ta harbe-harbe har ya gaji. Rana ta fito ta gasa mu, fetur da gishiri suka haɗu suka fara cin fatarmu, hammata da wuya da cinya duk suka saluɓe. Wajen la'asar na ga yana kurɓar ruwan tekun nace kai kar ka sha, yace ɗan kaɗan ne kawai. Gishirin da ke cikin ruwan nan ya fi ƙarfin abin da ƙoda za ta iya fitarwa, duk kurɓa ɗaya ƙishi take ƙarawa, wannan daga baya na ji bayaninsa, a lokacin dai na san ɗaci ne da shi kuma ba alheri.

To ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da magariba ta yi na ji hannuna ya fara mutuwa, sai na zare zariyar wandona na ɗaure wuyan hannuna da mariƙin jarkar. Zariyar gajera ce, da ƙyar ta zagaya hannu ɗaya. Shi wandon jins ne a jikinsa kuma bel ɗin ya tafi tun daren jiya. Na dube shi na dubi zariyar, na ɗaure nawa. Nace masa in ka gaji ka faɗa min mu canza, yace toh. Cikin dare ya fara surutai, yana kiran wata ƙanwarsa yana cewa ta kawo masa buta, can kuma ya dawo hayyacinsa yace min babansa na kai awaki kasuwar Maigatari duk Alhamis, in na fita in je in faɗa masa. Nace tare za mu je. Na ji yana kalmar shahada ina amsa masa, muna yi muna yi, ban san lokacin da barci ya sace ni ba. Wai barci a tsakiyar teku. Da na farka jarkar ta yi sama ta yi sauƙi, na laluba ɗaya gefen ba kowa.

Na yi ihu har muryata ta dushe. Daga nan kuma sai na hau jarkar gaba ɗaya na kwanta mata sosai yadda ake kwanciya a gora, kuma wallahi na ji daɗin kwanciyar, wannan jin daɗin shi ne abin da ya fi damuna har yau.

Yini na biyu ni kaɗai. Ba abin da ke bakina sai addu'ar Annabi Yunusa, la ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin, ita ma daga baya harshe ya kumbura sai a zuci. Sallah da ido nake yi, ban san gabas ba sai in rana ta nuna min. Da rana wani ƙaton jirgi ya wuce, ina ganin mutum a samansa da jar riga ƙarami kaman tururuwa, na ɗaga hannu na kaɗa, ina, wa zai hango kan mutum a cikin wannan ruwan. Abin da ya cece ni ruwan sama ne, wannan yankin ruwa ake yi kaman ba gobe, da yamma ya sauko na juya na buɗe baki, na cire singileti na bari ruwan ya wanke gishirin sannan na dinga matsewa a bakina. Ban taɓa shan abu mai daɗin wannan ba, da warin fetur da komai.

Bayan ruwan ya ɗauke sararin ya washe sai na hango wani dutse can gabas ya tokare sama, kansa a cikin gajimare. Na ɗauka idona ne ya fara yi min gizo. Ashe dutsen Kamaru ne wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, ni da dutsen da na sani bai wuce na Dutse da Dala ba. Na fara iyo wajensa da ɗan ƙarfin da ya rage, na yi na yi dutse yana nan inda yake, sai na tuna ganin Dala ba shiga birni ba, na haƙura na kwanta na bar ruwa ya yi yadda ya so. Shi ruwan wajen dama gabas yake ja, abin da ya taimake ni kenan ba iyona ba. Daren nan na ga kakana ƙiri-ƙiri zaune a kan goransa yana gyara homa ko kallona bai yi ba.

Da asuba na ga launin ruwan ya canza ya zama kaman kunun kanwa, ga ganyaye da wasu 'ya'yan itace dogaye kaman sigari suna yawo, na ɗanɗana na ji gishirin ya ragu. Ɗan masunta ya san ruwan kogi in ya gan shi. Da rana ta ɗaga sai ga baƙin layin bishiyoyi. Na yi kuka na yi hamdala na ɗauka wahala ta ƙare, ashe an gudu ne ba a tsira ba.

Wajen ba gaɓa ba ce irin wadda muka sani. Babu yashi babu ƙasa, wasu bishiyoyi ne da ke tsaye a cikin ruwan gishiri a kan saiwoyi dogaye kaman ƙafafun gizo-gizo, sun sarƙe da juna iya ganinka, ƙarƙashinsu kuma taɓo baƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na sauke ƙafa na nutse har cinya, da ƙyar na zaro ta da taimakon jarkar. Na ja jiki na hau saiwa, ga wasu kawa masu kaifi kaman reza manne a jiki suka yayyanka min tafin ƙafa da hannu. Na samu wajen zama na yi barci, ban farka ba sai da na ji ruwa a ƙirjina. Mu a garinmu sau ɗaya ruwa ke cika a shekara, nan kuwa sau biyu yake cika ya janye a kwana ɗaya, kaman awa shida yana hawa awa shida yana sauka, ni ban san da wannan ba na ɗauka ambaliya ce ta biyo ni. Na ƙara hawa sama na ɗaure jarkar a reshe da zariyar nan na zauna a rassa kaman biri.

Kwana biyu na yi a wajen kuma in aka ce in zaɓa tsakaninsu da na teku ban san wanda zan ɗauka ba. Sauro da wasu ƙananan ƙwari da ba ka ganinsu sai dai ka ji wuta, suna sauka a inda fata ta saluɓe, sai da na dinga shafe jikina da taɓon nan har fuska kafin na samu sauƙi. In ruwa ya janye sai ƙaguwa su fito da wani irin kifi mai ido a saman kai da ke tsalle a kan taɓo yana hawa saiwa, na yi ta ƙoƙarin kama shi ya fi ni wayo, ni jikan masunta. Ƙaguwa biyu na samu na fasa da haƙori na tsotse ɗanye, da wasu ƙananan dodon koɗi. Na zubar da fetur ɗin jarkar na tari ruwan sama da ke bin reshe, in na sha sai in yi ta gyatsar fetur amma dai ruwa ne. Na gwada kutsawa ciki ko zan samu tudu, ban yi taku talatin ba na rasa gabas da yamma ko'ina iri ɗaya, tsoro ya kama ni na lallaɓo na dawo bakin ruwa inda aƙalla in wani ya wuce zan gan shi.

Ran na biyar da safe na ji ƙarar sara. Wata mata ce da ɗanta a ƙaramin kwalekwale suna saran itace. Na buɗe baki murya ba ta fita, sai na ɗauki jarkar na dinga buga ta a jikin bishiya. Da yaron ya hango ni, mutum baƙiƙirin da taɓo ba wando a kan reshe, ya kurma ihu ya kusa faɗawa ruwa, uwar ta ɗaga adda tana kiran Jesus. Na ɗaga hannu biyu nace mata Hausa, Hausa, Gabon, kalmomin da suka zo min kenan. Ta daɗe tana kallona sannan ta ajiye addar ta matso da jirgin.

Wani sansanin masunta suka kai ni, bukkoki a kan turaku ko'ina hayaƙin bandar kifi da kirafish. A nan na ji cewa a yankin Bakassi nake, mutanen wajen yawanci 'yan Akwa Ibom ne da Kuros Riba amma ƙasar ta koma hannun Kamaru tun 2008. Matar nan ba ta jin Hausa ni kuma burokana na kasuwa ne, amma ta san abin da take yi, ba ta bar ni na sha ruwa da yawa lokaci ɗaya ba, da cokali ta dinga ba ni ruwan ɗumi da sukari, sai washegari ta jiƙa min garin kwaki ruwa-ruwa. Ta wanke min ciwukan tana shafa man ja. Da daddare ta dafa kaina ta yi addu'arta irin tasu, da na samu ƙarfin tashi kuma ita ta nuna min inda rana ke fitowa ta shimfiɗa min buhu. Mama nake ce mata. Sati uku na yi a gidanta, da na warke na ɗan taya mijinta gyaran koma ya yi ta mamaki wai dama Hausa sun san kifi. Na tambaye su ko an tsinci wasu, suka ce an ga gawa biyu a wani sansani can gaba an binne, mata ne.

Jirgin masu kai kirafish ne ya dawo da ni Ibaka, Mama ta biya kuɗin ta ƙulla min busasshen kifi a leda, jarkar kuma na bar mata tana zuba ruwa. Na je wajen sarkin Hausawa aka ba ni riga da kuɗin mota. Mutumin da ya karɓi kuɗinmu an ce ya yi tafiya. Da na ari waya na kira gida Inna ta ɗauka, ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta hau ni da faɗa, wai wata guda ba kira ko an sace wayar ne ba zan ari ta wani ba. Nace Inna ki yi haƙuri sace ta aka yi. Ba wanda ya yi min zaman makoki don ba wanda ya san na mutu. Kakana kuwa da na dawo ya ga tabon jikina ya kalle ni ya kalli hannuna, bai tambaye ni komai ba sai cewa ya yi babban ruwa ka shiga ko, nace eh, yace ka kwanta masa, nace na kwanta. Bai ƙara tayar da zancen ba har ya rasu.

Sai da na shekara biyu kafin na iya zuwa Maigatari. Sunansa na yanka kawai na sani da sunan ƙanwar nan da ya yi ta kira, na bi layin 'yan awaki ina tambaya ko akwai wanda ɗansa ya tafi kudu yankan farce ba a sake jin ɗuriyarsa ba, abin da ya ba ni tsoro mutum nawa suka ce nasu ma haka. Alhamis uku na yi ina zuwa, a ta ukun aka nuna min wani dattijo siriri da igiyar akuya a hannu, ina ganin goshinsa na san shi ne. Muka koma gefe na tsuguna nace Baba ni abokin ɗanka ne, na faɗa masa tun daga Uyo har daren. Bai yi kuka ba, ya daɗe yana murza igiyar nan a hannunsa sannan yace yaro abu ɗaya zan tambaye ka, ya samu yin shahada? Nace ya yi Baba, da kunnena na ji. Yace alhamdulillahi, Allah ya yi maka albarka da ka zo, uwarsa kullum sai ta ajiye masa tuwo. Ya kama hannuna na dama ya riƙe yana ta godiya, daidai inda tabon zariyar yake, har ya shafa wajen da babban yatsansa yace nan ma ruwan ne, nace eh Baba ruwan ne.